Me Ake Saye In An Sayi Sifikar Motar Alfarma?

A hutun da ya wuce wani yayana, ɗan wan mahaifina, wanda bai wuce shekara uku da kama aikin gwamnati ba, ya sami rancen mota, ya sayo wata ta hannu irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Motar ta kwana biyu a duniya, amma a zamaninta ta manya ce, kuma tun daga masana'anta aka sa mata kayan sauti na musamman. Ran da ya kawo ta gida ya kira ni in sa albarka, na shiga na zauna a gaba, ya sa mana kiɗan kalangu. Abin da na ji ya ba ni mamaki ƙwarai. Kai ka ce makaɗin yana zaune bisa dashbod a gabanmu, har ina iya rarrabe saukar gula a kan fata da matsar tsarkiya a hammata, ga kuma muryar mawaƙin tsaf a tsakiya, ba kalmar da ta kuɓuce mini.

Bayan mako biyu sai na jiyo wani irin gurnani tun daga bakin layi, tagogin gidanmu suna amsawa. Ashe Yaya ne. Ya kai motar wurin wani mai wayarin, an ciccire sifikun da ta zo da su, an yanka ƙofofi an cusa waɗansu manya, an ajiye wata ƙatuwar wufa a but, tare da amfilifaya da aka rubuta wa wat 3,000 da manyan haruffa. Na shiga na zauna inda na zauna ran nan. Lambar motar tana kaɗawa, ƙofofi suna zuza, fitilun dashbod suna lumshewa duk sa'ad da ganga ta sauka, mawaƙin kuwa ya koma kamar mai magana daga cikin rijiya. Na ce, "Yaya, ina sautin nan na ran nan?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro ne. Wancan ai ba ya tashi. Wannan kuwa kafin in iso an san na taho." Da ya faɗa mini abin da ya kashe, na lissafta na ga ya tasam ma albashinsa na wata biyu.

Ban kawo wannan labari don in yi wa yayana ba'a ba, domin da yawa daga cikinmu, mu ɗaliban da ke gab da fita da ƙananan ma'aikatan da suka riga mu, da mu aka bai wa motar da abin da za mu yi ke nan. Na kawo shi ne don ya zama mini madogara ga ra'ayin da nake so in kare a wannan maƙala. Ra'ayin kuwa shi ne, abin da ke da daraja a cikin kayan sautin motar alfarma awo ne, watau haƙurin da injiniyoyi suka yi na auna cikin wannan motar takanas, da daidaita kowace sifika da wurin da za ta zauna. Ƙarfin ƙara, da yawan sifiku, da sunan da aka liƙa a ƙofa, duk a bayan wannan suke. Yayana ya sayi awon nan da araha ba tare da ya sani ba, sa'an nan ya biya kuɗi aka zubar masa da shi.

Bari mu fara da ita sifikar kanta, don kada mu yi ta magana a kan abin da ba mu leƙa cikinsa ba. In ka buɗe sifika, ta rediyon kakanka ce ko ta motar da ta fi kowace tsada, abu uku za ka tarar. Akwai maganaɗisu, akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe ta zama kwayil aka rataye cikin ratar maganaɗisun, sa'an nan akwai takarda mai siffar mazurari da aka manne wa kwayil ɗin. Idan wutar da ke ɗauke da waƙa ta bi ta cikin wayar, sai maganaɗisu ya riƙa tura ta yana janyo ta, takardar ta bi ta gaba da baya tana tura iska, iska kuma ta kawo wa kunne. Waɗansu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a shekarar 1925, kuma yau shekara ɗari ke nan ba a sauya asalinsa ba. Daɗin daɗawa, sifika na'ura ce mai ɓarna ƙwarai, domin a cikin wutar da ake ba ta, abin da ke zama sauti bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, saura duk zafi yake komawa a jikin kwayil.

Kunnen saurayi mai lafiya yana jin sauti tun daga mai karkarwa sau 20 a sakan ɗaya har zuwa mai karkarwa sau 20,000. Sauti mai kauri, irin na tambari, yana bukatar babbar takarda mai tura iska da yawa. Siririn sauti kuwa, irin na kuge ko ƙarshen sarewa, yana bukatar 'yar ƙaramar takarda marar nauyi wadda za ta iya kai da komo da sauri. Takarda ɗaya ba ta iya ɗaukar aikin biyu yadda ya kamata, shi ya sa aka raba shi: wufa ta ɗauki kauri, tuwita ta ɗauki siriri, matsakaiciya ta ɗauki muryar ɗan Adam, aka kuma sa wata 'yar na'ura tana rarraba wa kowace rabonta. To, wurin haɗa waɗannan muryoyi su fito tamkar daga baki ɗaya, a nan ake gane gwani.

A cikin ɗaki wannan aiki yana da wuya, a cikin mota kuwa wuyarsa ta ninka. Dubi yadda motar take. Kusan rabin abin da ke kewaye da kanka gilashi ne, shi kuwa gilashi mayar da sauti yake yi, alhali kujeru da dardumar ƙasa shanye shi suke. Ba wanda ke zaune a tsakiya. Direba yana manne da ƙofar hagu, sifikar dama tana can nesa da shi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, saboda haka in sifikar hagu ta fi ta dama kusa da kunnensa da rabin mita, sautinta zai riga isowa da kimanin kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan. Wannan ɗan lokaci da ba ya ko kai ƙiftawar ido ya ishi ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa mawaƙin yana cikin ƙofar hagu, kusa da gwiwar direba. Sauti mai kauri kuma nasa sha'anin daban ne: igiyar sautin da ke karkarwa sau 50 a sakan tsawonta ya kusa mita 7, watau ta fi motar kanta tsawo, don haka sai ta taru a wani lungu ta yi gurnani, ta ɓace a wani. Kan duk wannan ga ƙugin inji, da na taya a kan kwalta, da na iska, waɗanda ke ƙaruwa da gudu suna danne kaurin waƙa.

Shekaru da dama masu ƙera motoci ba su damu da wannan ba. Kamfanin 'yan'uwan nan Galvin na birnin Shikago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, Blaupunkt na Jamus ya biyo baya da nasa a 1932, amma har kusan shekara hamsin bayan haka, sai an gama zana mota tukuna ake neman ramin da ya rage a jefa sifika. Wanda ya fi kowa sauya wannan al'ada wani malamin jami'a ne, Amar Bose, ɗan wani mutumin Indiya da ya yi ƙaura zuwa Amurka. A 1956, yana gab da gama digirinsa na uku a jami'ar fasaha ta MIT, ya sayi kayan sauti masu tsada bisa dogaro da alƙaluman da aka rubuta a takardarsu, da ya kai gida ya kunna sai ya ji ba su yi kama da kiɗan gaske ba ko kusa. Takaicin wannan ciniki shi ya jefa shi cikin binciken yadda kunne ke jin sauti a cikin ɗaki, har ya kafa kamfaninsa a 1964, bai kuwa bar koyarwa ba.

A 1982 kamfanin Bose da sashen Delco na General Motors suka fito da kayan sauti don motocin shekarar 1983, watau Cadillac Seville da Eldorado, da Buick Riviera, da Oldsmobile Toronado. Sifika huɗu ce kacal, kowace da amfilifayarta. Sabon abin da suka zo da shi shi ne, sun zaunar da mutum-mutumi mai makirufo a kunnuwa a kan kujerun motar, suka auna abin da ke isa kunne, suka zaɓi wurin da kowace sifika za ta zauna, sa'an nan suka gyara wutar da ke shiga cikinta, a ƙara nan a rage can, don a cike giɓin da cikin motar ke haddasawa. Gyaran da aka yi wa wannan samfurin mota ba zai dace da wancan ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Daga nan ne aka fahimci cewa motar kanta wani ɓangare ce na sifikar, kamar yadda ƙwarya take ga goge.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma a kan wannan turba masu ƙera motocin alfarma suka ci gaba. A 2005 kamfanin Bang & Olufsen na ƙasar Denmak ya yi wa motar Audi A8 waɗansu tuwitoci masu tasowa daga dashbod in an kunna, da wani ɗan murfi mai baza siririn sauti a faɗin motar don kada ya tafi ga mutum ɗaya kawai. A 2012 Mercedes ya ɗauke wufa daga ƙofa a motarsa ƙirar SL, ya kai ta gaban ƙafafun direba da na fasinja, ya mai da kogon ƙarfen gangar motar ya zama akwatinta. Wannan ba abin da mai wayarin zai iya yi ba ne bayan an sayi mota, sai da aka zauna da masu zana ƙarfen tun kafin a narka shi. Matsalar nan ta riga isowa kuwa, yanzu da ƙaramar kwamfuta ake maganinta: sai a ɗan jinkirta sautin sifikar da ke kusa, har na nesa ya cim masa, su shiga kunne tare. Abin da ya ɗauko mawaƙin nan daga ƙofa ya zaunar mini da shi a tsakiyar dashbod ke nan ran da na fara shiga motar yayana.

Haka kuma kayan da ake ƙera sifikar da su, kowane da dalilinsa. Ƙofar mota siririya ce, kuma nauyi abokin gaban mai ne, don haka aka koma ga maganaɗisun neodimiyam, wanda General Motors da kamfanin Sumitomo na Japan suka gano, kowa a nasa ɓangaren, a farkon shekarun 1980. Ɗan ƙarami daga cikinsa yana yin aikin babban baƙin maganaɗisu na da. Amma yana da rauni, domin na gama-gari yakan fara rasa ƙarfi in zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin santigired, motar da aka bari a rana kuwa dashbod ɗinta yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, don haka sai an zaɓi irin da ke jure zafi. Takardar mazurarin ana so ta zama marar nauyi, mai tauri, wadda ba ta lanƙwashewa in ta yi sauri. Saboda haka Bowers & Wilkins na Ingila ya fara saƙa ta da zaren Kevlar tun shekarun 1970, daga baya ya yi tuwita da lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta, wadda ta shiga manyan motocin BMW a 2015. Bugu da ƙari, cikin ƙofa ba busasshen wuri ba ne, ruwan sama yana zurarawa ta gefen gilashi. Don haka kafin a yarda da sifikar mota sai an gasa ta, an daskarar da ita, an jiƙa ta, an jijjiga ta kwana da kwanaki.

Yanzu mai karatu zai iya gane abin da ya sami motar yayana. Sa'ad da takardar sifika ta tura iska ta gaba, ta baya janyo ta take yi, in kuwa ba a toshe tsakanin gaba da baya da kyau ba, sai iskar nan biyu su haɗu su kashe juna, kaurin sauti ya ɓace. Da aka yanka ƙofofin an buɗe wannan hanya, an kuma bar farantin ƙarfe yana rawa. Amfilifayar da motar ta zo da ita an daidaita ta ne da sifikunta na asali, da aka sa mata baƙi sai ta zama tana ƙari inda ya kamata a rage. Wufar da ke but kuma tana can baya, kiɗa yana fitowa daga ƙeya, murya daga gwiwa. Mai wayarin bai yi da mugunta ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi, kuma ba shi da abin awo ko ɗaya sai kunnensa da ya riga ya gaji da ƙarar kasuwa.

Kada fa a ɗauka ina cewa duk abin da masu motocin alfarma suka sayar gaskiya ne. Su ma sun gano cewa mai saye ya fi saurin fahimtar ƙidaya da suna fiye da awo, suka bi shi ta nan. Cadillac da ya fara da sifika huɗu a 1983, a motarsa Escalade ta 2021 sifika 36 ya sa. Ban musa cewa ƙarin sifiku yana taimaka wa injiniya ya bai wa kowace kujera nata sauti ba, amma a ganina akwai inda ƙidaya ke tashi daga aikin kunne ta koma aikin talla. Batun suna kuwa ya fi ban mamaki. Mark Levinson da ke cikin Lexus tun 2001, da JBL, da Harman Kardon, da AKG ɗin da ke cikin Escalade ɗin nan, duk na kamfani ɗaya ne, Harman, wanda ya sayi sashen motoci na Bang & Olufsen ma a 2015. Shi kansa Harman ɗin Samsung na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2017 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 8. Watau mutum biyu za su iya kwana suna gardama a kan wane suna ya fi, alhali tuwon daga tukunya ɗaya aka kwaso shi.

Abin sha'awa shi ne, daga cikin wannan kamfani ne aka sami hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan yaudarar suna. Floyd Toole, masanin da ya yi shekaru yana binciken sifiku a majalisar bincike ta ƙasar Kanada kafin ya koma Harman a 1991, shi da abokin aikinsa Sean Olive sun gabatar da sakamakon wani gwaji a 1994. Sun tara ma'aikatan kamfanin su 40, suka sa su saurari sifikun ɗaki iri huɗu a bayan labule suna ba su maki, sa'an nan aka yaye labulen, aka bar su suna ganin girma da kyau da suna, suka sake ba da maki. Manyan masu tsada makinsu ya tashi, 'yar ƙarama mai araha nata ya faɗi, kuma ƙwararrun masu sauraro ba su tsira daga wannan ba. A bayan labule, in an matsar da sifika daga wani wuri zuwa wani, kunne yana gane bambancin, amma da ido ya shigo sai wannan bambanci ya kusa ɓacewa daga makin. Mu kan ce gani ya kori ji muna nufin yabo ga gani, ga shi kuwa a nan ya kore shi kora ta zalunci. Wannan ne ya sa masu aikin da gaske ba sa yarda da sifika sai ta ci jarrabawa biyu, ta makirufo da ta kunnen da bai san sunanta ba.

Sai batun wat 3,000, wanda kowane ɗalibin da ya yi kimiyya a sakandare zai iya warwarewa a bayan ambulan. Wutar mota bolt 12 ce, takan kai wajen 14 in inji yana aiki. Wat kuwa shi ne bolt sau amfiya. Don a sami wat 3,000 daga bolt 14 sai an ja amfiya fiye da 200, abin da ya fi ƙarfin na'urar cajin ƙaramar mota. Na duba fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar yayana na ga na amfiya 30 ne, watau ko da ba ta ɓarnatar da komai ba, ba za ta iya shan abin da ya wuce wat 420 ba tare da fiyus ya tsinke ba. Sauran lambar fenti ne. Ko da ma a ce gaskiya ce, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka sau biyu.

Asarar kuɗi ana iya mayar da ita da albashin gaba, amma akwai wadda ba ta da mayarwa. A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi waɗanda ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa desibel 85 awa takwas ne iyakarsa a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, saboda haka a desibel 100 minti 15 ne kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2015 cewa matasa kimanin biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Siririn sauti shi ke fara tafiya, watau daidai abin da aka yi tuwitar lu'ulu'u dominsa. Saurayin da ya kwashe shekara biyar cikin gurnanin wufa, ran da ya zama babban sakatare ya sayi motar alfarma sabuwa fil, zai tarar ba shi da kunnen da zai ji abin da ya biya. Ban ma yi maganar direban da ba ya jin odar babbar mota ko ihun mai tsallaka titi ba.

Na san wani ɗan'uwa ɗalibi zai ce, "Malam, mu da muke fama da kuɗin rajista da na abinci, ina ruwanmu da kunnen masu kuɗi?" Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ma ban ga dalilin da zai sa ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya ci bashi don sifika ba. Amma a raba abin da aka ƙera da ilmin da ya ƙera shi. Motar ta masu hali ce, ilmin kuwa na duk wanda ya nema ne, kuma mun fi masu motar bukatarsa. Wanenmu bai taɓa zama a bayan babban zauren lacca ba, malami yana magana cikin lasifika, ƙara ta cika wuri amma ba a fahimtar ko jimla ɗaya? Cutar da ke damun zauren nan ita ce ta motar yayana: bango yana mayar da sauti, sifika tana inda bai kamata ba, wata tana riga wata isa kunne, maganin da aka sani kuma guda ɗaya ne, a ƙara murɗa ƙara. Da an auna zauren, da sau da yawa matsar da sifika da rataya labule a bangon baya sun wadatar.

Ilmin nan kuwa ba a ɓoye yake ba. Neville Thiele, injiniya a ƙasar Ostireliya, ya buga bincikensa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a jami'ar Sidni a farkon shekarun 1970, suka nuna cewa in ka auna waɗansu 'yan siffofi na sifika, kamar nauyin takardarta da taurin abin da ke riƙe da ita da ƙarfin maganaɗisunta, za ka iya lissafta girman akwatin da ya dace da ita tun kafin kafinta ya ɗauki zarto. A zamaninsu sai da ɗakin gwaji, a yau kuwa kwamfutar ɗalibi da makirufo ɗaya sun isa a fara. A kasuwanninmu akwai masu gyara waɗanda za su warware ƙonannen kwayil su sake naɗa shi da hannu, su manna sabuwar takarda, sifika ta tashi. Suna da hannun da ba mu da shi, mu kuma muna haddace lissafin da ba su sani ba don mu ci jarrabawa mu manta. Me zai hana ɗalibin kimiyyar lantarki ya ɗauki aikin bincikensa na shekarar ƙarshe ya kai shi rumfar irin waɗannan mutane, ko ya auna zauren da ya yi shekara huɗu yana shan wahala a cikinsa? Amar Bose da takaicin ciniki ɗaya ya fara, kuma a 2011, shekara biyu kafin rasuwarsa, ya mayar wa jami'ar da ta koyar da shi mafi yawan hannun jarin kamfaninsa.

Ga ɗan'uwa ma'aikaci da ya sami rancen mota kuwa, shawarata kaɗan ce. In motar ta zo da kayan sautinta na asali suna aiki, ka bar su, in ɗaya ta mutu ka nemi irinta ko ka kai a naɗa maka ita. In lalle sai ka sauya, ka fara da toshe ƙofa da kashe rawar ƙarfe, ka duba fiyus kafin ka duba lambar da ke kwali. Ka tafi da muryar da ka sani sarai, ko da ta mai karanta labarai ce, ka rufe ido, ka sa wani ya riƙa sauya maka ba tare da ya faɗa maka wace ce wace ba, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. In ka ji kowane harafi a fili alhali ƙarar tana ƙasa, har kana iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, to ka sami abin da kake nema.

Kafin in dawo makaranta na tambayi Yaya ina tsofaffin sifikun nan da aka cire. Ya ce ya bar wa mai wayarin, don ba su da amfani. Na bi sawu na tarar mutumin ya jera su a kan kanta, ya goge su tas, ya sa musu kuɗin da ya fi na sababbin da ya sayar wa yayana.